An tono, an gada, an gaskata: jagoran da ya zagaya da mu Ƙasa Mai Tsarki

Aikina safiyo ne. Shekara ashirin da bakwai ina awon filaye, kuma abin da sana'ar ta koya mini shi ne kada in kafa turke a inda aka nuna mini da yatsa don kawai mai nunin ya rantse. Wannan ya ce kakansa a nan ya tsaya, maƙwabci ya ce a'a, sai gindin waccan bishiyar, kowa har zuciyarsa yake faɗa. Ni kuwa sai na ga takarda, na ja awo. Da wannan halin na hau jirgi zuwa Ƙasa Mai Tsarki, ina riƙe da jakar Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta haura saba'in, kuma tun tana budurwa take roƙon Allah ya nuna mata kabarin da Ubangiji ya tashi daga cikinsa. Mu talatin da ɗaya ne a ayarin, kwananmu tara.

Kamfanin da ya shirya tafiyar akwai inda zan taɓa shi, amma yawancin maganata a kan jagoran da suka haɗa mu da shi ne. Mota dai mota ce, otal otal ne. Abin da za ka dawo da shi a ka, daga bakin mutumin da ke riƙe da makirufo a kujerar gaba yake fitowa. Namu Balarabe ne Kirista, mutumin Galili, dogo, gemunsa ya fara furfura, katin lasisi rataye a wuya, da wata tsohuwar jaka cike da taswirori da hotuna da aka rufe da leda. Da Turanci yake magana, wani ɗan'uwa a cikinmu yana mayar wa dattawa da Hausa.

Ranar farko a Kaisariya, bakin teku, ya tsayar da mu gaban wani dutse da bai kai mita ɗaya ba, da rubutun Latin a jikinsa, gefe guda a gutsure. Kafin mutane su gama ɗaga wayoyi ya ce wannan kwafi ne, na ainihin yana gidan adana kayan tarihi a Urushalima. Wayoyi suka ɗan sauka. Sannan ya ba da labarinsa: a 1961 wasu masu tonon tarihi 'yan Italiya suka same shi a dandalin wasan Romawa da ke wurin, magina na baya sun ciro shi daga wani gini sun mai da shi matakala. A jikinsa akwai sunan Bilatus da muƙaminsa na mai mulkin Yahudiya. Ya ƙara da cewa Tasitus, marubucin tarihin Roma wanda ba ya ga maciji da Kiristoci, ya rubuta wajen shekara ta 116 cewa Bilatus ne ya kashe Almasihu a zamanin sarki Tibariyas.

"To," in ji shi, "cewa an yi Bilatus, ya yi mulki a nan daga 26 zuwa 36, kuma a hannunsa aka gicciye Yesu, ko masanin da bai taɓa taka coci ba zai sa hannu a kai. Cewa mutuwar nan domin zunubanmu ce, dutsen nan bai san zancen ba. Ni na gaskata. Amma ba a jikin dutse na karanta ba."

Daga nan ya ce duk inda muka tsaya zai gaya mana ko abin da muke gani ƙasa ce ta fito da shi, ko labari ne da aka miƙo daga kaka da kakanni, ko kuwa abu ne da sai zuciya ta karɓa. Mai fassararmu, bakinsa da gishiri, ya dunƙule su: an tono, an gada, an gaskata. Kafin yamma kalmomin nan sun zama kirarin mota.

A Galili abin ya tafi sumul. Ya nuna mana jirgin ruwan da wasu 'yan'uwa biyu suka gano cikin taɓo a 1986, lokacin da fari ya janye ruwan tekun. Tsawonsa ya ɗan wuce mita 8, katakonsa iri-iri ne, faci a kan faci, ka san mai shi ba mai hali ba ne. A kan allunan talla ana kiransa jirgin Yesu. Jagora ya ce jirgin na zamanin ne, masunta irin su Bitrus irinsa suke tuƙawa, amma ba wanda ya bar rasit a ciki. A Kafarnahum kuma, farar majami'ar da kowa ke ɗaukar hoto a cikinta ya ce ginin ƙarni na 4 ko na 5 ce, ya durƙusa ya nuna mana baƙaƙen duwatsun da ke ƙarƙashin gindinta, waɗanda ake kyautata zaton na tsohuwar majami'ar ne. Gidan da ake cewa na Bitrus ne ya ba shi daraja sosai: ɗaki guda cikin gidan talakawa na ƙarni na 1, aka yi masa shafe, masu ziyara suka yi ta rubutu a bangonsa, daga baya a ƙarni na 5 aka ɗora coci mai kusurwa takwas daidai a kansa. Ni da na saba, na san mutane ba sa kewaye fili haka banza.

Inda aka fara ɓata fuska shi ne wurin baftisma. An kai mu Yardenit, inda Kogin Urdun ke fita daga Tekun Galili. Wuri ne mai kyau, da bishiyoyi da matakala da ƙarfen riƙewa, ana ba da hayar fararen riguna. Mutane sun shiga layi ke nan sai wata 'yar'uwa ta tambaye shi ko nan ne Yahaya ya yi wa Yesu baftisma. Ya ce a'a, an buɗe nan ne a 1981 don masu ziyara, domin wurin da aka gada yana can kudu kusa da Yariko, an rufe shi bayan yaƙin 1967, sai a 2011 aka sake buɗewa. Bisharar Yahaya ma hayin Urdun ta ce, wato gefen ƙasar Jodan ta yau. Kogin dai shi ne, in ji shi, ku shiga da farin ciki. Aka shiga, amma na ga Baba Fasto, faston ayarinmu, ya sha mur.

A Kana aka zube mu a wani shago mai sayar da ruwan inabi da sunan bikin nan da aka mai da ruwa ya zama inabi. Mai shago yana ta zuba bayani kamar shi ya ɗebo ruwan tulunan. Jagora ya koma gefe yana duba wayarsa. Da muka dawo mota wani dattijo ya tambaye shi wannan fa wane rukuni ne, sai mai fassara ya riga shi: an sayar. Har direba sai da ya tambayi abin da ake wa dariya. Jagoran ya ce ko garin ma ana muhawara, akwai wani kufai a arewa da masana da dama suka fi karkata gare shi.

Yariko ce ta kawo faɗa na gaske. Muna tsaye a kan tudun tsohon birnin, rana na dukan ƙeya, ya ce a shekarun 1930 wani Bature mai suna Garstang ya tona ya ce ya samu ganuwar da ta faɗi a zamanin Joshuwa. Sai Katlin Kenyon ta zo ta yi tono daga 1952 zuwa 1958, ta ce an rushe birnin wajen 1550 kafin haihuwar Almasihu, tun kafin lokacin da ake lissafa Joshuwa, kuma a lokacin nasa babu birni mai ganuwa a wurin. Akwai masu ja da ita har yau, amma yawancin masana suna bayanta.

Baba Fasto ya ce, "Malam, mun zo a ƙarfafa mu ne, ba a rikita mu ba."

Jagora ya cire hularsa, ya ce, "Baba Fasto, in na ce muku kowane dutse a ƙasar nan yana bayanmu, ranar da ɗanku ya karanta akasin haka a intanet zai haɗa Yariko da Bilatus ya zubar gaba ɗaya. Gara ya ji daga bakin wanda har yanzu yake zuwa sujada."

Fasto bai amsa ba, kuma bai gamsu ba. Ya ce masana sun sha canza magana, Maganar Allah ba ta canzawa. Jagoran ya ce rabin farko na zancen tarihi ne, kuma gaskiya ne. Rabi na biyu bangaskiya ce, kuma yana girmama ta. Tsakani da Allah, ni ma jikina ya yi sanyi a kan tudun nan. Tun ina yaro nake rera faɗuwar ganuwar Yariko.

Bari in sauke abin da ke raina game da kamfanin. Jadawalinsu na 'yan kasuwa ne. A Baitalami mun yi sa'a ɗaya da rabi a shagon sassaƙen itacen zaitun, amma tafkin Betesda na Urushalima, wanda tono ya nuna tafkuna biyu ne da bango a tsakani, abin da ya bayyana shirayi biyar ɗin da Yahaya ya ambata, minti goma sha biyu aka ba mu. Na duba agogo. Na'urorin kunne da aka raba mana rabinsu batir ya mutu a rana ta uku. Ba wanda ya gargaɗe mu cewa tsohon birnin Urushalima hawa da sauka ne a kan duwatsu masu santsi, alhali rabin ayarin tsofaffi ne. Shi kansa jagoran yana da nasa: sauri gare shi kamar ana binsa bashi, kuma in ya kama shekaru da ƙarnoni sai ya manta cewa akwai mai fassara da ke haki a bayansa.

A Baitalami an sauya mana jagora na wuni guda, wani matashi mai fara'a. Shi komai "nan daidai" ne. Ya nuna tauraron azurfa mai tsini goma sha huɗu a cikin kogon, ya ce nan daidai aka haife shi. Mutane sun fi jin daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Da muka koma wurin namu muka kai ƙara, ya ce an gada ne, amma gado mai tsufa, domin tun tsakiyar ƙarni na 2 marubutan Kirista ke maganar kogo a Baitalami. Ranar haihuwar kuwa Bishara ba ta faɗa ba. A garin nan kaɗai sau uku ake Kirsimeti, Katolika a Disamba, Otodoks da Armeniyawa kowa da ranarsa a Janairu.

Hanyar Wahala ta Urushalima, wadda suke kira Via Dolorosa, inda ake cewa Yesu ya bi ɗauke da gicciye, mun bi ta da gicciyen katako ana karɓa-karɓa. Ya bar mu muka gama waƙa da addu'a tukuna, sannan a wata inuwa ya ce cikin tashoshi goma sha huɗu da ake tsayawa a hanyar, Saminu Bakurane da matan Urushalima suna cikin Bishara, amma faɗuwa ukun da matar nan Beronika da ta share masa fuska ba sa ciki. Romawa sun rushe birnin a shekara ta 70, sarki Hadiriyan ya sake zana shi bayan 135, titin zamanin Yesu yana ƙasa da ƙafafunmu da mitoci. Masana da yawa ma suna ganin a fadar Hirudus, wajen Ƙofar Yafa, aka yi shari'ar, wato daga wancan gefen gari ke nan.

Sai Cocin Kabari Mai Tsarki, inda mutumin nan ya ci kuɗinsa har da riba. Ya shimfiɗa taswira a ƙasa a farfajiya, na durƙusa kusa da shi, don nan fagena ne. Matsalar kowa ita ce cocin yana tsakiyar gari, alhali Littafi ya ce a bayan ganuwa aka gicciye shi. Ya zana mini layin ganuwar wancan zamani da yatsa: wurin yana waje, sai wajen shekara ta 41 zuwa 44 Hirudus Agaribas ya faɗaɗa ganuwa ta haɗiye shi. Tono ya nuna tsohon rami ne da ake sarar dutsen gini, aka bar shi, aka sassaƙa kaburbura a bangonsa. Hadiriyan ya binne wurin ya gina haikalin gumaka a kai. Da sarkin Roma Kwanstantin ya sa a nemi kabarin, nan aka nuna, ƙarƙashin haikali, cikin gari, inda sai an yi rusau mai tsada. Aka keɓe cocin a 335. Wannan ya kama ni. A aikina, in shaida ya nuna iyaka a inda ya fi wa kowa wuya, har shi kansa, na fi sauraronsa. Mai ƙirƙira wuri mai sauƙi yake zaɓa. An rushe ginin a 1009 bisa umarnin halifa al-Hakim, aka sake ginawa. A Oktoban 2016 masana daga Atina suka ɗaga marmarar da ke rufe da gadon dutsen, gwaji ya nuna kwaɓin da ke ƙarƙashi na ƙarni na 4 ne.

Na ce, "To Malam, an tono ke nan?"

Ya ce an tono cewa maƙabarta ce ta zamanin, a bayan gari, kuma nan ne aka nuna wa Kwanstantin. Tsakanin gicciyewa da Kwanstantin kuwa akwai kusan shekara 300 da bakin mutane kawai ya riƙe. Na ce tashin fa? Ya naɗe taswirarsa, ya ce abin da mai tarihi zai iya ba ni shi ne almajiran sun yi shelar ya tashi tun da wuri, domin Bulus ya rubuta wa Korantiyawa a shekarun 50, yana cewa shi ma karɓa ya yi daga na gabansa. Cewa sun faɗa, sun kuma sha wuya a kai, tarihi ne. Ko abin da suka faɗa ya faru, babu shebur ɗin da zai tono wannan, babu kuma wanda zai binne shi.

Goggo ba ta ji daɗin cocin ba. Cunkoso, hayaƙin turare, fitilu rututu, layin sa'a biyu, ka shiga ɗan ɗakin kabarin kafin ka ce amin an ce ka fito. Da la'asar aka kai mu Kabarin Lambu, arewa da Ƙofar Dimashƙu, wanda wasu ke ɗauka shi ne kabarin Yesu. Nan kam ga furanni, ga tsuntsaye, ga ƙofa a jikin dutse, sak hoton da ke cikin littafin yara. Masu hidimar wurin da kansu suke zagayawa da baƙi, kuma a gaskiya ba su ce tabbas nan ne ba. Muka ci Jibin Ubangiji. Goggo ta shiga kabarin ta fito fuska sharkaf, tana waƙa ƙasa-ƙasa.

A bakin ƙofar fita ni na tono tsiyar, da ƙarfi, a gaban kowa, na ce Malam wannan fa? Ya dubi Goggo, ya dube ni. Da ya ce mu bari sai mun shiga mota, da ya kyauta. Amma ya amsa. An gano kabarin a 1867, Janar Gordon na Ingila, wanda aka kashe a Khartum a 1885, shi ya yayata tudun da ke kusa a 1883 don ya ga yana kama da ƙoƙon kai. Masanin Isra'ila Gabriyel Barkay ya nuna a 1986 cewa salon sassaƙar na ƙarni na 8 ko na 7 ne kafin haihuwar Almasihu. Yahaya kuwa sabon kabari ya ce. Mai fassara ya yi jim, sannan ya mayar. Goggo ta daina waƙa. Laifin kashi biyu nawa ne, kashi ɗaya nasa. Mutumin da ya san ya jira mu gama addu'a a Hanyar Wahala ya kamata ya san hawayen tsohuwa bai bushe ba.

Ba ta ce mini uffan ba sai bayan abincin dare. Ta ce, "Kai da turakunka. Me mala'ikan ya gaya wa matan? Ba ya nan. To na shiga biyu yau, duka ba ya ciki." Na buɗe baki zan ce kowane tsohon kabari a birnin nan fanko ne, wannan ba hujja ba ce. Na rufe. Ba hujja take ba ni ba, kuma ta fi ni sanin haka. Can sai ta ce in je in tambayi dogon nan ko zai mai da ita wancan cocin, don ɗazu hayaniya ba ta bar ta ta duba ba.

Ba ya cikin jadawali, ba a biya shi ba, amma da asuba yana bakin otal. Muka tarar ana buɗe ƙofar cocin. Makullin a hannun Musulmi yake tun ƙarnoni da yawa, gidan Juda ke ajiyewa, gidan Nusaiba ke buɗewa. Aka miƙo ɗan tsani ta wata taga a jikin ƙofar, mutumin ya hau ya buɗe kwaɗon sama. Ciki tsit, sai muryar masu sujada can nesa. Jagora ya zagaya da mu bayan ɗakin kabarin zuwa wani ƙaramin ɗakin sujada na Suriyawa, bangonsa baƙi ƙirin, ya kunna fitilar waya ya haska wata ƙaramar kafa. Ramuka ne a jikin dutse, dogaye, ƙunƙuntattu, daidai tsawon mutum a kwance, babu marmara, babu azurfa. Goggo ta dafa kafaɗata ta sunkuya, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ɗana, wannan fa?"

Ya ce, "Mama, kabarin an tono, na zamanin Yesu ne. Sunan Yusufu na Arimatiya da ake kiransa da shi, an gada."

Ta gyaɗa kai, ta ce in tayar da ita, gwiwarta ta riƙe.

Wanda yake son a ce masa "nan daidai" a kowace tasha, ya nemi wani jagoran, suna da yawa, kuma zai dawo da farin ciki. Baba Fasto har muka rabu yana ganin an cika masa ayari da tambayoyi. Ni dai in zan sake tura wani nawa, sai na tambayi kamfani sunan jagoran tukuna, in sa a rubuta mini minti nawa za a yi a kowane wuri da minti nawa a shago, in kuma ce a tafi da takalmi mai kama ƙasa. A takardar ra'ayi da suka raba mana a filin jirgi na ba jagora biyar cikin biyar, jadawali biyu. Goggo ta sa na ƙara a ƙasa cewa a gaya masa ya riƙa rage sauri, ba kowa Allah ya ba ƙafafu irin nasa ba.